Ta-Sani a Layin Mai

"Tura mana, Akawu! Ko har ƙarfin ma ka yi ritaya da shi?"

Ta-Sani ne ya leƙo ta tagar tasinsa yana wannan magana, hannu ɗaya a kan sitiyari. Akawu ya zagaya baya. Ya dafa bayan motar da tafukansa biyu, shi da wani kafinta mai tsohuwar a-kori-kura da ke bin bayansu a layi, suka tura ta gaba kaɗan. Ba wai an fara sayar da mai ba ne, wani ne can gaba ya gaji ya fice. Haka layin gidan man nan yake tafiya tun da aka kafa shi. Ba mai tayar da inji, kowa na tattalin ɗan abin da ya rage a gindin tanki, sai dai na baya ya tura na gaba, shi ma na bayansa ya tura shi.

Akawu ba shi da mota, ba shi da abin yi a layin mai. Matar Ta-Sani ce ta buga masa ƙofa da hantsi, don katangarsu ɗaya tun 'ya'yanta suna rarrafe.

"Yaya, don Allah ka je ka ɗauko mini shi," ta ce. "Kwana da kwanaki yana can, maganin hawan jininsa ya ƙare. Jiya da na kai masa abinci na tarar yana dafe da ƙirji. Ni ba ya jin maganata, kai kuwa yana jin nauyinka."

Akawu ya san ba wani nauyinsa da mutumin ke ji, abokin gardama kawai ya samu. Amma ya zura takalmi ya fito.

Sunan Ta-Sani unguwa ce ta laƙaba masa. Duk abin da ya faru a ƙasar, ko ruwa ya ɗauke, ko wuta, ko albashi, amsarsa ɗaya ce: "Gwamnati ta san abin da take yi." Ranar da aka janye tallafin mai, kowa na salati, shi yana wanke mota yana fito. Abin da ya taɓa samu daga jam'iyyar da yake mutuwar so bai wuce hula ɗaya ba, ita ma ta yi masa kaɗan.

Akawu ya zagayo ta gefen direba, ya sunkuya ya dube shi. Leɓensa ya yi toka-toka, gumi na tsattsafo masa a goshi alhali yana cikin inuwa. Akawu ya taɓa ganin wannan launi sau ɗaya, a fuskar matarsa, a kan bencin asibiti, lokacin da wata ma'aikaciya ke ce musu gajiya ce kawai.

"Fito mu je asibiti."

"In fita in bar layi? Dubi inda nake fa. Ga ƙofa can, ina ganin famfo da idona."

"Famfon ma yana ganinka. Me ya ba ka?"

"Kai dai ba ka da aiki sai baƙar magana. Ka san dokar layin nan? Motar da ba direba a ciki, samari ne ke cicciɓarta su ajiye a gefe. In koma baya kuma? Gidana ba a ɗora tukunya sai tayar nan ta juya." Ya shafa ƙirji kamar mai kakkaɓe ƙura. "Iska ce ta tokare ni. Bari in sha mai, ni da kaina zan kai kaina asibitin, a motata, kamar mutum."

"To ni in zauna maka a ciki, wani ya kai ka."

"Wa?"

Tambayar ta yi daidai. Akawu ya miƙe ya nufi gindin katangar gidan man, inda masu motoci suka kafa majalisa a 'yar inuwar da ta rage. Wani mai kwat, ma'aikacin banki, wanda motarsa ke gaban ta Ta-Sani, shi ke da bakin magana.

"Ku ba ku gane ba. Kasuwar duniya ce. Ana yaƙi can wata nahiya, ɗanyen mai ya tashi, kuɗinmu kuma ya faɗi warwas. Lissafi ne."

"Wane lissafi?" in ji kafinta. "Fasa-ƙwauri ne! Tanka-tanka ake tsallakawa da shi iyaka, masu tsaron suna ɗaga musu hannu."

"Matatun mai fa?" wani ya jefo daga baya. "Tun ina yaro ake gyaransu. Na yi aure, na aurar, ana gyara."

Akawu ya karanta duk wannan a jaridu, kowane dalili da zanensa da masaninsa mai tabarau. Ya kuma daɗe a duniya har ya ga waɗanda suka tare tituna da kwalaye kan ƙarin kuɗin mai sun hau mulki sun ƙara, waɗanda suka ƙara a da kuma sun sauko suna rubuta kwalayen. Ko rubutun bai canza ba.

"Salamu alaikum," ya ce. "Akwai mara lafiya a tasin can, zuciya ce. Wa ke da ɗan mai a tanki ya miƙa shi asibiti? Ni zan tsaya in riƙe masa wuri."

Mutanen da suka san abin da ke faruwa a wata nahiya duk suka shiga duban takalmansu. Mai kwat ya ce shi tasa motar ofis ce, ba a ba shi izini ba. Kafinta ya rantse allurar man motarsa ta kwanta tun jiya, kuma shi kaɗai Akawu ya yarda da shi.

Ana cikin haka wata baƙar jif ta shigo ta ƙofar fita. Manajan gidan man, wanda tun safe yake aiko da cewa ko ɗigo babu, ya fito da gudu yana gyara riga. Aka ja motar bayan ofis, jim kaɗan sai ga ƙarar famfo, kowa na ji. Kafinta ya tofar da yawu.

"Akawu! Akawu!" Ta-Sani na ɗaga hannu, fuskarsa ta washe. "Ɗan majalisarmu ne! Ni na yi ta jigilar masa mutane ranar zaɓe, ko sisi ban karɓa ba. Je ka ce masa ni ne."

Akawu ya je. Ya yi shekaru yana rubuta wa manya takarda a ofis, ya san yadda ake lanƙwasa murya.

"Ranka ya daɗe, wani mutuminka ne ba lafiya a layi. Asibiti yake buƙata yanzu, ga shi motarka ta sha mai."

Ɗan majalisa ya dubi layin, ya dubi na kusa da shi mai riƙe da waya, ya ga abin ya yi kyau da hoto. Ya tako har bakin tasi, ya zura hannu ta taga.

"Baba, sannu, sannu. Ina gida? Ina yara?"

"Yallaɓai, ka gane ni? Ni ne mai tasi, na mazaɓar bayan kasuwa."

"Haba, wa zai manta da kai?" Idonsa na kan wayar. "Baba, wahalar nan ta ɗan lokaci ce. Waɗanda suka gabace mu ne suka bar mana rami, mu cikewa muke yi. Nan gaba kaɗan za ku gode mana."

"Na faɗa musu, yallaɓai. Kullum ina faɗa musu."

"Asibitin fa, ranka ya daɗe?" in ji Akawu.

"Ina da zama yanzu, amma da na isa zan turo mota. Yanzu-yanzun nan. Kada ya motsa daga nan."

Jif ta fice ta inda ta shigo. Ta-Sani ya jingina da kujera yana numfashi sama-sama, yana murmushi kamar wanda aka yi wa albishir.

"Ka ji da kunnenka. Zai turo."

"Ba zai turo ba."

"Ya ce kada in motsa. In motar ta zo ba ta same ni ba fa? In kunyata mutum?"

Akawu ya tsaya yana dubansa. A da dalili ɗaya ne ya ɗaure mutumin nan a kujera, yanzu an ƙara masa na biyu, kuma da ƙafarsa ya je ya ɗauko masa shi. Ya ji kamar ya kama shi ta wuyan riga ya finciko shi waje, amma shi ma tsoho ne, hawa matakala sai ya huta.

"Zauna nan," ya ce. "Ai zaman ka iya."

Ya bi bakin titi yana neman ɗan acaɓa. Titin da a da sai ka yi addu'a kafin ka tsallaka, yau awaki ne kwance a tsakiyarsa. Babura na jingine a gindin bishiyoyi, masu su na barci a kai. Wanda ya fara tasa ya ce ba mai. Na biyu ya ce akwai, amma na komawa gida ne. Sai can wajen mahaɗa ya samu wani dattijo da ya saurare shi har ƙarshe, ya ce, "Hau, Malam. Allah ya sa mu same shi."

Tun daga nesa Akawu ya ga layin ya rikice. Ana ihu, ana buga ƙofofi, motoci na tafiya ba ƙarar inji kamar garken da aka kora. Rediyon wata mota na maimaita sanarwa: hukuma ta amince da sabon farashi daga yau. Ba wata tankar da ta shigo gidan man. Ƙofa kawai aka buɗe, famfuna duka suka tashi. Ashe man yana nan kwance a ƙarƙashin ƙafafunsu duk kwanakin nan, shi ma sanarwar yake jira.

Tasin ta yi gaba sosai, har ta shige ƙofa. Kafinta da wasu mutum biyu ne ke tura ta, suna haki. Ta gangara a hankali ta daki bayan motar mai kwat.

"Taka birki mana, tsoho!" Mai kwat ya fito yana duba fitilarsa. "Sau nawa ke nan? Barci kake yi?"

"Tun ɗazu haka yake mana," in ji kafinta. "Ko sitiyarin ba ya juyawa, mu ke karkata ta."

Akawu ya sauka daga babur, ya leƙa. Kan Ta-Sani na jingine da kujera, ya ɗan karkata wajen titi, ta inda mota za ta ɓullo in da za ta zo. Hannunsa ɗaya na kan sitiyari. Akawu ya taɓa wuyansa, ya daɗe bai ɗauke hannu ba. Sannan ya shafa masa ido.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji kafinta, ya cire hula. Ɗan acaɓa ya maimaita, ya juya babur ɗinsa a hankali, bai nemi komai ba. Mai kwat ya buɗe baki, ya sake duban fitilarsa, ya ga dai ba yanzu ba, ya koma mota.

Daga baya aka fara danna ham.

Kafinta ya matso, ya rage murya. "Malam, kada ka ce na yi rashin ta ido. In aka ji, fitar da ita za a yi gefe. To da me za ka kai shi gida? Ga famfo nan, mota biyu ce a gabanku."

Akawu ya ga gaskiya mutumin ya faɗa. Suka kama Ta-Sani su biyu, suka gusa da shi kujerar gefe, suka gyara masa zama. Akawu ya shiga ya riƙe sitiyarin, da sauran ɗumin hannu a jikinsa. Kafinta ya koma baya ya tura.

"Na nawa, Baba?" in ji mai zuba mai, ko dubansu bai yi ba.

"Wanda zai kai mu gida."

Ya zuba, ya karɓi abin da Akawu ya lalubo a aljihu, sannan ya leƙa ta taga ya yi dariya. "Abokin naka ya sha layi har ya yi laushi. Ka ce masa ya daina fushi, an ce wata mai zuwa farashin zai sauko."

"Zai ji daɗi," in ji Akawu.

Rabonsa da tuƙi tun da ya sayar da tasa motar a jinyar matarsa. Injin ya mutu masa a bakin ƙofa, ya sake tayarwa, ya hau titi a giya ɗaya, motar na kuka. Bai canza ba. Duk ramin da ya gani sai ya rage gudu ya kauce masa, in ya karya kwana sai ya miƙa hannu ya tare kafaɗar maƙwabcinsa.

Matar Ta-Sani ta san ƙarar injin nan tun daga bakin lungu. Kafin su iso ta fito ƙofar gida daga wajen wanki, hannuwanta duk kumfa, tana murmushi tana cewa da na cikin gida, "Ga babanku nan, ya samu!" Sai ta ga wanda ke riƙe da sitiyari.

Akawu ya tsaya daidai gabanta ya kashe motar. Bai fito ba, ita ma ba ta matso ba. Injin na ɗan ƙas-ƙas yana hucewa, ruwan sabulu na ɗiga daga yatsunta yana shigewa cikin ƙasa.