Hagu a Kan Dama

"Ku dubi wuyan rigar," in ji Tokiko Nagumo, karo na uku. "Ban ce ku dubi fuskarsa ba. Wuyan rigar."

Babu wanda ya duba. Fostar tana shimfiɗe a teburin ɗakin taron ƙungiyar unguwa, an danne kusurwoyinta da kofunan shayi. Mutum shida ne a ciki suna dariya a gaban babban lilon Kamomeoka, wurin shaƙatawar da ke bayan tudun garin. Akwai Baturiya mai jan gashi, akwai yarinya a keken guragu, akwai wasu uku. A gefen dama kuma Iwao Kuramochi ne, maƙwabcin Tokiko, baƙin dattijo cikin yukata, rigar auduga ta lokacin zafi. A sama an rubuta: Duniya duka, barka da zuwa.

Odagiri, shugaban ƙungiya, wanda ya yi shekara arba'in yana sayar da kifi kuma har yanzu yake magana kamar yana kasuwa, ya buga tebur da yatsa.

"Ni abin da nake cewa, mutum shida, babu ɗaya da ya yi kama da jikokina. Su wa ke kai yara wurin nan duk Lahadi? Mu ne."

"Yarinyar da ke cikin keke 'yar Japan ce," in ji Hayasaka, malamar sakandare. "Ko ita ba ta cikin lissafi?"

"Malama, kada ki sa mini magana a baki."

"Iwa-san ma ɗan Japan ne," in ji Tokiko, tana nufin Iwao.

"Wannan ai kowa ya sani."

"Fostar ba ta sani ba."

Hayasaka ta ciro takardu daga jaka. Mutum ɗari takwas da goma sha biyu sun sa hannu kada a taɓa fostar. Ta ce wannan ne karo na farko da baƙar fuska ta hau allon talla a garin, kuma duk wanda ya nemi a sauke ta ya san bayan wa yake bi.

Tokiko ta juya ga Serizawa, jami'ar tallan Kamomeoka, wadda ta zo cikin baƙar kwat duk da zafin watan Yuli, tana rubuta duk abin da aka faɗa.

"Serizawa-san, ke kakarki ba ta taɓa sa miki yukata ba? Mai rai yana ɗora ɓarin hagu a kan na dama. Dama a kan hagu, gawa ake yi wa. Kun manna mutum a tashar bas goma sha huɗu cikin shigar gawa, kuma mutumin yana kwance ba lafiya."

Serizawa ta rusuna har gashinta ya kusa taɓa tebur. Ta ce suna ba da haƙuri ƙwarai. Ta ce shi daidai ya sa rigarsa, mai tsara hoton ne ya juya shi a kwamfuta don ya fuskanci sauran mutanen.

"To a juyo shi."

"Mun gwada, Nagumo-san. In an juyo shi sai ya zama yana kallon waje. Baƙin mutum shi kaɗai, ya ba kowa baya. Kwamiti ya ce za a yi wa abin mummunar fassara."

"A mayar da shi ɗaya gefen."

"Sai an sake tsara hoton duka. Sai kamfanin talla ya amince, sannan a tuntuɓi sauran biyar ɗin."

"A sauke ta gaba ɗaya."

"Yanzu in muka sauke, jaridu za su ce mun bi ra'ayin masu wariya."

"Wa kike kira mai wariya?" in ji Odagiri.

Aka ɗage taron zuwa mako mai zuwa.

Shekarar Iwao saba'in da bakwai. Mahaifinsa sojan ruwan Amurka ne da ya tafi tun ba a haife shi ba. Mahaifiyarsa, Fumi, ɗinkin kimono, rigunan gargajiyar Japan, ta yi ta raine shi. Bai taɓa fita ƙasar ba, bai ma taɓa yin fasfo ba. Shekara talatin da huɗu yana sa wa babban lilon Kamomeoka mai, yana ɗaure ƙusoshinsa. Da Serizawa ta zo masa a watan Afrilu ta ce ana son hotonsa, ya ɗauka fostar tsofaffin ma'aikata ce, shi ya sa ya ciro yukatar ƙarshe da mahaifiyarsa ta ɗinka masa. A watan Mayu likita ya ce ciwon da ke huhunsa ya wuce aiki. Ya zaɓi ya kwanta a gida.

Washegarin taron Tokiko ta kai masa kunun shinkafa da safe. Gadonsa yana ɗakin gaba, injin iska yana huci a gefe. Ta tagar ana hango tashar bas a ƙetaren titi, da fostar a cikin gilashinta.

"Yaya, Toki-chan? Sun tashe ni daga matattu?"

"Sun ɗage zuwa Alhamis."

"Ni ma bari in ɗage nawa zuwa Juma'a." Ya yi tari, ta miƙa masa ruwa. "Wa ya ci, Odagiri ko malama?"

"Kowa ya ci. Kai kaɗai ka faɗi."

Ya ɗanɗana kunun ya ce ba gishiri. Ta ce likita ne ya hana. Ya ce likitan ya zo ya sha da kansa.

"Rubutun saman bai dame ka ba?" ta tambaye shi. "Sun sa ka cikin baƙi."

"Tun ina firamare ake tambayata daga ina na zo. Ɗan sanda ya taɓa yaba mini Japananci a ƙofar gidan nan, na ce masa shi ma nasa ba laifi. Wannan na saba." Ya ture kwanon. "Ranar da Nas Ueki ta kai ni asibiti, muna jiran mota a can, wasu mata biyu suka tsaya gaban fostar. Ba su lura da ni ba, na rufe baki da hanci. Ɗaya ta ce, 'Wayyo, baƙo ne, babu wanda ya gaya masa yadda ake sa ta.' Ni, Toki-chan. Ɗan Fumi mai ɗinki. Ina shekara huɗu ta mari hannuna a kan wannan wuyan rigar. Ta ce wasu yara in sun yi kuskure za a ce yarinta, ni in na yi za a ce jini."

Tokiko ta ɗauke kwanon.

"Ba na so in tafi garin nan yana ganin ban iya sa riga ba. Shi ke nan abin da nake so."

Ta je ofishin Kamomeoka sau huɗu a mako biyu. Kowane zuwa ana ba ta shayi mai sanyi da sabon mutum da zai rusuna mata. Na farko ya ce batun yana sashen talla. Sashen talla ya ce tun da maganar ta shiga intanet ta koma sashen shari'a. Ta roƙi a manna 'yar takarda a ƙasan kowace fosta, a rubuta cewa kuskuren na kamfani ne. Aka ce shawara ce mai kyau, za a gabatar wa kwamiti.

A intanet kuwa an raba gari biyu. Wasu na cewa a mayar wa 'yan ƙasa wurin wasansu, wasu na cewa fuskar Iwao ita ce sabuwar Japan. Ɓangarorin biyu suna kiransa "baƙon nan". Gidan talabijin ya aiko mutum biyu da kyamara, ɗaya ya gaishe da Tokiko a ƙofa ya tambaya ko dattijon zai buƙaci tafinta. Ta rufe ƙofar a hankali, don kada ƙarar ta tashe shi.

Hayasaka ma ta zo, da kankana. Ta durƙusa gefen gado ta ce tana so ya ba su jimla ɗaya da za su karanta a taro, abin da wannan hoton yake nufi gare shi.

"Ki ce musu ban mutu ba tukuna," in ji Iwao.

Hayasaka ta rubuta, idonta ya ciko da ƙwalla. Ta ce babu maganar da ta fi wannan ƙarfi, muryar duk wanda aka danne ce.

"Malama, rigar nake nufi."

"Na gane, Kuramochi-san. Na gane sosai."

Da ta fita ya dubi Tokiko. "Ba ta gane ba ko?"

"Ko kaɗan."

"Kankanar dai mai kyau ce."

A farkon Agusta ya daina tashi zaune. Wata rana da hantsi Tokiko ta ɗauko madubin ɗakinta, ta jingina shi a kan kujera, ta yi ta gyara shi har tashar bas ta shigo ciki. A madubi hoton ya koma yadda aka ɗauke shi, hagu a kan dama, rubutun sama kuma ya birkice ba ya karantuwa.

Iwao ya daɗe yana kallo.

"Kin ga ɗamarar? Ƙasa da cibi, yadda ya kamata. Ba irin ta samarin yanzu ba." Ya numfasa. "Amma ni ai na san yadda na sa ta. Masu jiran bas ne ba su da madubi."

"Ka yi shiru ka ce na gode."

"Na gode. Ki rage hasken, yana shiga idona."

Ya rasu ranar Talata, ƙarfe biyu da minti goma na rana, Nas Ueki tana gefensa, Tokiko tana kicin tana wanke kofinsa. Ba shi da mata ko ɗa. Ɗan ƙanin mahaifiyarsa da ke Osaka ya ce a waya ba zai iso ba sai ranar ƙona gawar, Nagumo-san ta yi duk abin da ta ga ya dace.

Washegari da safe masu ta'aziyya suka fara shigowa. Serizawa ta zo da farar fulawa da wasiƙa mai hatimi. Kwamiti ya zauna jiya, ta ce. An yanke shawarar barin fostar yadda take har ƙarshen lokacin zafi, don tunawa da marigayi, za a kuma ɗaura baƙin ƙyalle a kusurwar kowacce.

"Da 'yar takardar da na roƙa?"

"Sashen shari'a yana ganin yanzu ba lokacinta ba ne."

Odagiri, wanda ya zo da jajayen idanu don tare suka yi makaranta da Iwao, ya fyace hanci ya ce, "To, ko ba komai yanzu hoton ya yi daidai."

Shi kansa ya ji abin da ya faɗa, ya sunkuyar da kai. Tokiko ta dube shi, ta dubi Serizawa, ta tashi ta shiga ɗakin gaba.

Mai shirya gawa, wani dattijo mai suna Sakuraba, ya riga ya goge jikin ya yi masa aski. Iwao ya bar wasiyya a sa masa yukatar mahaifiyarsa maimakon farar riga. An zura masa hannuwa, ɓarin biyu suna buɗe a gefe. Sakuraba ya ce al'ada ce wani na kusa ya rufe, ya matsa ya ba ta wuri.

Tokiko ta durƙusa. Ta jawo ɓarin dama ta kwantar a ƙirjinsa, ta ɗora na hagu a kai, ta shafe wuyan da tafin hannu.

Sakuraba ya yi gyaran murya. "Uwargida, a yi haƙuri. Ga wanda ya rasu, ɗaya gefen ne a sama."

"Na sani."

"Masu zuwa ganinsa za su lura."

"Su lura. Ya yi wata biyu a tashar bas cikin shigar gawa yana da rai. Ya riga ya yi nasa. Duk wanda ya leƙa akwatin nan ya ga yadda yake sa riga."

Sakuraba ya dubi ƙofa, inda Odagiri da Serizawa suke tsaye. Serizawa ta buɗe littafinta, ta sake rufewa.

"Ɗan uwan marigayi ya sani?"

"Ya ce in yi abin da ya dace."

Dattijon ya rusuna, ya ɗauko ɗamarar ya miƙa mata da hannu biyu.

"Taimaka mini ka ɗaga shi kaɗan," in ji ta.

Ya ɗaga. Ba shi da nauyi. Ta zagaya ɗamarar sau biyu, ta ɗaure. Odagiri ya shigo da gwiwa ya kunna turaren tsinke, ashana ta farko ta mutu, sai ta biyu ta kama. Hayaƙin ya tashi a miƙe, sannan iskar fanka ta karkata shi zuwa taga.