Tandun Baba Gide

Baba Gide, mai ɗorin Yargoje, ya faɗo daga kan rumbu ya karya hannunsa na dama.

Da hantsi ne, bayan an gama shigo da dawa gida. Ya hau duba jinka, tsani ya zame. Bai yi ƙara ba. Ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannun a cinya, ya bi shi da yatsun hagu daga gwiwa zuwa wuyan hannu, yadda ya saba bin na mutane tun yana saurayi. Da targaɗe ne, da ya shafa mai ya ci gaba da aikinsa. Da tsagewa ce, da ƙashin na nan a miƙe. Wannan ya lanƙwashe. Karaya ce sosai, amma fata ba ta huje ba.

Ɗansa Yahuza, ɗan acaɓa, ya shigo a guje. Yana ganin hannun ya kawar da kai.

"Baba, hau babur mu tafi asibitin Kankara."

"Ka ga jini?"

"A'a."

"Ƙashi ya leƙo waje?"

"A'a."

"To kashe babur ɗinka."

Dokar Baba Gide ke nan, kowa ya san ta. In ƙashi ya huda fata, ko ƙugu ne, ko baya, ko kai, ba ya taɓawa, asibiti yake turawa. Sauran nasa ne. Sai dai ba a ɗori da hannu guda.

Ƙanensa Alhaji Almu ya iso yana salati. Ya ce a aika Damari a ɗauko Ɗanlahadi, shi ma mai ɗori ne.

"Ɗanlahadi shi riƙe hannuna?" in ji Baba Gide. "Ran kasuwa har masu goro sai sun ji."

"To Yaya, lokaci ya yi. Ba Yahuza tandu, ka riƙa faɗa mashi."

Tandun na rataye a zaure, na fata ne, ya yi baƙi don tsufa. Man kaɗe ne a ciki da haɗin gidansu. Kakan Baba Gide ya ba ubansa, ubansa ya ba shi. Wanda ya buɗe tandun ya shafa wa majinyaci, shi ne mai ɗorin gidan. Daga uba sai ɗa namiji, ba a taɓa sauyawa ba. Baba Gide ya daɗe da sanin ranar nan na tafe, bai dai zaci a jikinsa za a gwada ba.

Yahuza ya durƙusa ya kama hannun. Ya ɗan ja, ƙashi ya goga ƙashi ya yi ƙurus. Ya saki, ya fita bayan danga, aka ji yana amai.

Baba Gide ya runtse ido har zafin ya lafa.

"A kira mani Kulu."

Kulu ɗiyarsa ce ta fari, tana aure nan cikin gari, ƙofarsu na kallon ta uban. Tun tana ƙarama ita ke tsaga masa karan dawa, ta jera ta saƙa kamar ƙaramin asabari, wanda ake naɗe karaya da shi. In aka kawo mace, ita ke riƙewa. Bai taɓa zaunar da ita ya koya mata ba, ita ma ba ta taɓa tambaya ba.

Ta shigo da garin tuwo a hannu, ta wanke, ta tsuguna.

"Baba, motsa yatsu."

"Ni za ki koya ma?"

"Yau majinyaci kake. Motsa."

Ya motsa. Ta tsunkuli kan kowane yatsa, ya ce yana ji. Ta tashi ta sauko da tandu.

"Kai, Kulu!" in ji Alhaji Almu. "Mace da tandu?"

"In kana iyawa, bismillah," in ji Baba Gide.

Kulu ta ce, "Baba Alhaji, riƙe mani gwiwar nan, kada ka saki ko ya zage ka."

Ta yi bismillah, ta ja a hankali ba fizga, babban yatsanta na bin ƙashin. Baba Gide ya cije haƙori. Ya ji lokacin da bakin ƙashi ya sami ɗan'uwansa, a daidai lokacin ta daina ja. Ba wanda ya ce mata ta daina. Ta shafa mai, ta sa ƙyalle, ta naɗa kara, ta ɗaure. Sannan ta zura yatsa ƙarƙashin ɗaurin don ta ji bai matse ba, ta danna farcensa ya yi fari, ta saki jini ya dawo.

"Gobe Yahuza shi kai ka a ɗauki hoton ƙashin," ta ce.

"Ba jini."

"Ba jini, amma ɗorina na farko ne. Ina so in gani."

Washegari Baba Gide ya tafi. Hanyar Kankara duk ramuka ce, amma Yahuza bai faɗa ko ɗaya ba. Ya riƙa lallaɓa babur kamar ya ɗauko ƙwai. Baba Gide ya lura. Likita ya ɗaga hoton ga haske, ya nuna masa inda ƙashin ya rabu da inda ya koma. Ya ce ya zauna daidai, a kula da kumburi, in yatsu suka yi sanyi ko suka mutu a kwance ɗaurin a dawo da sauri. Baba Gide ya gyaɗa kai. Likitan yaro ne, amma ya san aikinsa.

Jinya ta yi masa daɗi. Yana zaune a zaure kan buzu, yana shan fura da ludayi a hagu, yana kallo. Aka kawo wani manomi daga wajen Faskari da saniya ta take wa ƙafa. Ya yi turus da ya ga mace, sai ya dubi hannun Baba Gide, ya miƙa ƙafar. Aka kawo wani daga Sabuwa, ƙashin ƙwaurinsa a waje. Kulu ta rufe ciwon da ƙyalle mai tsabta, ta tokare ƙafar da kara don kada ta motsa, ta ce Yahuza ya samo mota a wuce asibiti. Ba ta ko dubi uban ba. Da yamma takan tafi gidanta da tandun, don mata sun fara zuwa can.

Ranar da aka kwance ɗorin, hannun ya fito siriri amma a miƙe. Alhaji Almu ya zo, ya zauna, ya gyara murya.

"Yaya, Allah ya ba da lafiya. Yanzu a karɓo tandu. Kulu tamu ce, amma 'ya'yanta na wani gida ne. In ya zauna can, gadon kakanmu ya bar gidanga ke nan. Ko ka riƙe, ko ka ba Yahuza."

"Yahuza na da aikinshi, ya kuma iya."

"Ko da suna ne, Yaya."

"Suna ba shi ɗori."

"To me mutane za su ce? Aika yanzu a karɓo."

Baba Gide ya miƙa hannun dama ya ɗauki buta cike da ruwa. Ya ɗaga ta, ya juya wuyan hannun dama da hagu, ya ajiye.

"Ban karɓowa," ya ce.