Tukunyar Waken da Auta Ta Kwantar

Mutum uku ne a wannan labari: wani magini, da matarsa, da 'yarsu da ake kira Auta, wadda take karatun tsirrai har ciwo ya dawo da ita gida.

Da jinya ta yi tsawo, Auta ta roƙi a shuka mata wake a ƙaramar tukunya. Bayan ya tsiro, ta sa aka kwantar da tukunyar a bakin taga, domin tana so mahaifinta ya ga abin da ta koyo da idonsa, tana nan. Ta bayyana masa cewa jikin tsiro cike yake da ƙananan ɗakuna da ido ba ya gani, kowanne da bangonsa. Idan tsiro ya kwanta, wani sinadari yakan taru a gefen da ke ƙasa, ya sassauta bangon ɗakunan wurin, su ƙara tsawo, sai karan ya lanƙwasa ya dubi sama.

Magini ya yi dariya, ya ce tun da yake gini bai taɓa ganin bangon da ya yi laushi ya ɗaga komai ba.

"Baba, ka ba shi wuni ɗaya," in ji Auta. "In bai tashi ba, na zama leburarka."

Ya ce ya yarda, dama yana neman mai kwaɓa masa siminti.

Sai dai uwar ba ta jure ganin tukunyar a haka. Da zarar maigidan ya fita aiki, ta shigo da magani, sai ta tayar da tukunyar, ta danna ƙasar da yatsa. Da yamma magini ya tarar da tsiro a tsaye kamar kowane tsiro, ya tambayi Auta yaushe za ta fara aiki. Auta ta roƙi uwar ta daina.

"Mai kwanciya ɗaya ta ishe ni a ɗakin nan," in ji uwar.

Daga ranar Auta ba ta sake maganar tukunya ba, har Allah Ya karɓi abinsa.

Bayan masu ta'aziyya sun watse, uwar ta shiga ɗakin, ta kwantar da tukunyar da hannunta. Washegari ta kira mijinta. Gindin karan ya riga ya yi tauri, yana nan yadda aka kwantar da shi, amma kan ya lanƙwasa, ganyen na duban rufi. Magini ya bi lanƙwasar da babban yatsansa, a hankali, kamar mai duba sabon gini.

"Ta ci ni," in ji shi. "Ban samu lebura ba."

Ranar bai fita aiki ba.

Idan na yi kuskure wajen bayanin sinadarin nan ko na bangon, kuskuren nawa ne, ba na Auta ba. Wanda ya sani ya gyara mini.