Daƙiƙa Goman Malam Gwangwani

…kuma takardar na nan kan teburina, kafin a tashi ake so in cike: ɗalibata 'Yar Taga ta ci gaba da zama a ajina, ko a mayar da ita ajin masu buƙata ta musamman. Shekara ashirin da biyu ina shaƙar alli, yau gwangwani ne abokin aikina.

Malam Gwangwani — sunan da yara suka raɗa wa mutum-mutumin inji da aka kawo mana aji ke nan. Tsayinsa iya gwiwata, ba ya makara, ba ya neman hutun haihuwa. An kawo shi ne don masu otizim irin 'Yar Taga, lalurar nan mai wahalar da cuɗanya da mutane, wai su koyi hira da sauran yara. To, madalla.

Aibinsa ɗaya: in ya yi tambaya sai ya yi tsit. Daƙiƙa goma cur. Har ƙararsa na kai wa mai gyara. "Malama, lafiyarsa ƙalau, jira yake." Jira… a aji mai yara talatin da takwas?

Yau kuwa ba ya nan, yana ofis yana shan caji. Ga 'Yar Taga can bakin tagarta tana jera fensiran kala, ja, shuɗi, ja. Uwarta, ranar farko, ta ƙanƙame jaka — "Tana magana fa, Malama, a gida tana magana." Na ce na sani. Ban sani ba. Sau biyu ina rubutawa a rahoto: ba ta amsa tambaya.

Ga Uwar Surutu ta juya wajenta, yarinyar da ko atishawa ba ta katse mata zance. "Ƙawata, wanne zan ara, ja ko shuɗi?" Na buɗe baki zan amsa a madadin 'Yar Taga, kamar kullum — sai na ga yatsu. A ƙarƙashin tebur Uwar Surutu na lanƙwasa su ɗaya bayan ɗaya. Na bayanta ma haka. 'Yan layin gaba ma. Wa ya koya musu? Ba dai ni ba.

Shida… bakwai… fanka kaɗai ke magana… takwas —

"Shuɗi," in ji 'Yar Taga. "Jan nawa ne."

Ba wanda ya tafa. An miƙa shuɗi, an ci gaba da zane, kamar an saba. Ashe an saba.

Ni daƙiƙa nawa nake ba ta? Biyu? Uku, ranar da na karya da kyau?

Takardar… zama kam za ta zauna, wannan mai sauƙi ne. Layin ƙasan ne — "abin da ɗaliba ta koya a wannan zango." Ɗaliba. Wacce a cikinmu? Birona na sama, ban sauke ba… ɗaya… biyu…