Yankan Jibo

Hantsi ya ɗaga, rana ta fara cizo, sama fes babu ko ɓurɓushin girgije, alhali watan da ya kamata gero ya kai gwiwa ne. Ina jaye da akuyarmu ta ƙarshe daga Tsibiri zuwa kasuwar Maraɗi. Babana, Andarawus, shi ya ce in sayar da ita in auno hatsi, don rumbunmu ya daɗe da zama makwancin kaji.

Ba wai ba mu je rabon jar dawar da sojoji suka kawo ba. Mun je, kuma ba wanda ya kore mu. Sai dai tun muna cikin layi ake ta faɗi a bayanmu, wai mu ai mishan na ciyar da mu, me muke nema a rabon talakawa. Baba ya naɗe buhunsa ya fita daga layin, bai ƙara komawa ba. Abin da majami'a ta ba mu kuwa, tuni muka ga gindin ƙwaryar.

Muna shiga yashin gulbi akuyar ta durƙusa. Na ɗaga ta, ta ɗan taka, ta sake faɗuwa, ta miƙe wuya, idanunta na juyawa. Akwai wuƙa a aljihuna, na kuma iya yanka, ni ke yanka mana na Kirsimati. Amma tambayar farko da mahauci ke yi ita ce, yankan wa? Yankan Kirista ba ya shiga kasuwa. In kuma na bar ta ta mutu a haka, fatarta ko tiya guda ba za ta auno ba.

Wani kamiyon sojoji, babbar motar ɗaukar kaya, ya wuce, bai tsaya ba. Can sai ga wani dattijo yana tura keke cikin yashi, ya ɗaure tabarmi a baya.

"Sannu samari. Ta gaza ne?"

"Ta gaza, baba. Don Allah ka taimake ni."

Ya jingine keken a jikin wata bishiyar gawo, ya duƙa ya taɓa cikinta. "Mi sunanka?"

"Idirisa," na ce.

Sunana Irmiya. Ban san inda Idirisa ya fito ba. Na dai ji tsoron in ya ji sunana ya ja kekensa ya yi gaba.

"To, Idirisa, mi kake jira? Ko wuƙa ce babu?" Ya zaro tasa daga kube ya danƙa mini, ya juya akuyar ta fuskanci gabas, ya danne ƙafafunta da gwiwa. "Yi bisimilla ka yanka, kahin ta zama rabon angulaye."

Sai a nan na ga abin da na yi wa kaina. Idirisa ai ba ya bukatar wani ya yanka masa.

Na tsaya da wuƙa a hannu. In na yanka, ga shaida a gabana, mahauci zai saya, hatsi zai shiga gida. Mutane kuma su ci nama a kan ƙaryata. Da yamma Baba zai tambaye ni wa ya yanka, mutumin da ya bar layin dawa da buhu wayam don kada a ce ya ci rabon wani. 

"Ƙato da kai jini kake tsoro?" in ji dattijon. "Ko ɗan lakwal ne kai, ɗan boko, alli kaɗai ka iya riƙewa?"

"Baba, sunana Irmiya. Ɗan Andarawus ne ni, na Tsibiri."

Ya ɗago ya dube ni. Ni kuwa yatsun ƙafata nake kallo, da yashin da ya shige tsakaninsu.

"Na majami'a?"

"I."

"Shi ne ka ari sunan mutane ka tsaya kana wahal da dabba?" Ya karɓe wuƙarsa. "Matso nan, Idirisan aro. Riƙe ƙahwahun, wannan dai an yarje maka."

Na riƙe. Ya ambaci sunan Allah a hankali, ya yanka. Jinin bai da yawa, yashi ya shanye shi nan take. Akuyar ta shura ƙafa a tafina, muka dubi juna, don alamar ke nan an same ta da rai.

Ya goge wuƙar da yashi ya mai da ita kube. "Ka tahi wurin Maman Lawali mahauci, a Sabon Gari. In ya tambaya, ka ce yankan Jibo ne mai tabarma, na Jiratawa. Ya san ni. Shi kuma ka gaya mai sunanka na gaskiya, kada ka je ka zama Sha'ibu."

 Na sunkuya kamar mai gyara igiya.

Ya ja kekensa ya fara tafiya, sai ya tsaya, ya kwance wata tsohuwar tabarma daga ƙasan kayan, ya jefo ta kusa da ni.

"Ruhe ta, ƙuda sun yi yawa."

Kafin in ɗago kai ya haye gangaren gulbi, yana tura keken da kafaɗa.