Bugun Farko a Ƙofar Gwadabe

A Zaitawa cewa ake Gwadabe mai ɗaurin ganga bakinsa a filin ƙwallo yake ajiye shi, sai ya je can yake ɗauka. Masu shayi sun ce sannu ma da kai yake amsawa. Waɗanda suka zauna kusa da shi a filin Ƙofar Mata kuwa sun ce in ya kwarara ihu, alƙalin wasa ma sai ya waiwayo. Da hawan jini ya tafi da ganinsa, mutane suka ce shi ke nan, ya bar ƙwallo. Bai bari ba. Jibrin mai gyaran keken ɗinki, abokinsa tun suna makarantar allo, shi yake riƙo hannunsa har filin, yana gaya masa wasan a kunne.

'Yan majalisarsu suna da wata al'ada. Duk ranar wasan buɗe kakar ƙwallo, sai a kawo gangar magoya baya ƙofar Gwadabe, shi da ya ɗaure ta ya yi mata bugun farko, sannan a ɗunguma a ƙafa.

Bara ne aka saɓa. Kafin nan an taɓa ture Gwadabe a cunkoson ƙofar shiga, ya faɗi, takalminsa ya ɓata, kafin a tashe shi an ci ƙwallon farko suna waje. Saboda haka Nazeer, matashin da ke rataya gangar, ya ce wannan karon a bar tsoho da rediyonsa, a bi ta lungun baya. Jibrin bai ce e ba, bai ce a'a ba. Da safe kuma shi da kansa ya riga ya leƙa soron Gwadabe ya ce masa ya shirya, bayan azahar za su biyo. Suka bi ta baya shiru kamar masu rakiyar gawa. Suna fita bakin titi hannun Nazeer ya yi masa ƙaiƙayi, ya sakar wa gangar gula.

Tun daga ranar Jibrin bai ƙara zama a soron nan ba. In ya hango Gwadabe a dakali, sai ya sassauta tafiya don kada silifas ɗinsa su yi ƙara, ya wuce ba sallama.

Bana, ana saura kwanaki kaɗan a buɗe kaka, aka sauko da gangar daga saman kwabar Nazeer aka tarar damina ta cinye fatar, ta yi funfuna ta tsage. Nazeer ya ce a sayo ta roba irin ta 'yan makaranta. Dattawan majalisa suka ce ba za su shiga fili da gwangwani ba. Kowa ya juyo ya dubi Jibrin.

Ya ɗauki gangar ya tafi. Gwadabe yana soro a kan tabarma. Kafin Jibrin ya gama sallama Gwadabe ya ce, “Jibo, ashe silifas ɗin nan suna iya ƙara.”

Jibrin ya ajiye gangar, ya kama gaisuwa mai tsawo, ya tambayi jiki, ya tambayi iyali, ya koma ya sake tambayar jiki. Gwadabe bai taya shi ba. Ya jawo gangar, ya bi bakinta da yatsa, ya shinshina, ya ce wanda ya ajiye ta kusa da kwanon rufi bai san darajarta ba. Sannan ya kira matarsa Asibi ya ce ta miƙo fatar nan. Ta kawo ta cikin bahon roba, fatar akuya ce an riga an jiƙa ta. Ya ce tun farkon damina ya aika majema, don ya san za a zo.

Jibrin ya riƙe, Gwadabe yana ja yana ɗaurewa. Suka yi hirar sababbin 'yan wasa, da mai tsaron ragar da aka ce an sayo daga kudu, da ko za a bar 'yan kallo su shiga da ruwan leda. Maganar bara ba wanda ya taɓo ta. Da Jibrin zai fita, Asibi ta tsayar da shi daga bayan labule, ta yi ƙasa da murya. Ta ce waccan ranar malam ya sa rigarsa ta ƙungiya tun kafin azahar, ya zauna a dakali da gula a hannu. Da ya jiwo gangar daga titi ya ce mata ga su nan. Ya zauna har aka kira magariba. Rigar kuma washegari ya ba mai kwasar shara.

Jibrin ya kwana biyu yana shiri. Ya sayo sabuwar riga mai kore da ruwan ɗorawa a kasuwar Kwari. Ya yi magana da mai adaidaita sahu, ya roƙi wani ɗan unguwa da ke aikin ƙofa a filin ya shigar da su ta gefe kafin a cika. Ya ce wa Nazeer in ya kuskura ya taɓa gangar kafin a isa ƙofar Gwadabe, to ya nemi wata majalisar.

Ran Lahadi bayan azahar suka tsaya a ƙofar, su da tutocinsu. Gwadabe yana dakali cikin tsohuwar jallabiyarsa, rediyo a cinya. Aka miƙa masa gula. Ya laluba fatar, ya buga sau ɗaya, ƙarar ta bi lungun har tantabaru suka tashi. Ya ce ta yi, Allah ya ba da sa'a.

Jibrin ya ɗora masa rigar a gwiwa, ya ce ga adaidaita can tana jira, an kuma gyara maganar ƙofa.

Gwadabe ya shafa rigar, ya ninke ta, ya miƙo. “Bara na shirya, Jibo. Bana ƙafar ba ta kai ni ko masallacin Juma'a. Ku tafi kada ku rasa farkon wasa.”

Sai a lokacin Jibrin ya dubi ƙafafun. Sun kumbura har ba sa shiga silifas. Shekara guda yana wuce mutumin nan yana kallon ƙasa, bai taɓa gani ba.

Ya yi wa Nazeer alama da hannu. Suka tafi, gangar tana nisa kaɗan kaɗan ta wajen Ƙofar Nassarawa. Jibrin ya sallami mai adaidaita, ya dawo ya zauna a gefen dakalin. A rediyo ana karanto sunayen 'yan wasa. Gwadabe ya ce in zama zai yi, to ya matsa, ya tare masa iska.

Jibrin ya matsa. Ya daɗe yana murza rigar a hannunsa.

“Gwadabe, ni na ce ka jira, kuma ina cikin waɗanda suka bi ta baya. Ka yafe mini.”