Abin da Ke Cikin Gafaka

Tun ranar da mijinta Hamidu, malamin makaranta da ake kira Mushe, ya dawo Gure daga Damagaram da littafin nan Rakiya ta tsane shi. Na hannu ne, tsoho, da Faransanci, mai bango mai tauri da gefensa duk ya cinye. Ita ba ta yi lakwal ba, wato boko, amma ta san littafin da zai sa magidanci dariya shi kaɗai har tuwo ya huce ba na alheri ba ne. Wai labari ne da ake yi wa masu mulki shaƙiyanci. Da a gida ya tsaya da sauƙi, sai da ya karanta wa ɗalibansa, alhali soja ba su daɗe da karɓar ƙasa ba.

Wata rana bayan azahar motar soja ta tsaya a ƙofar gida. Rakiya ta ji an kifar da Hamidu a zaure, ta ji ana tambayar littafi. Ta sa bakin zane ta zaro Alƙur'ani daga gafakarsa, ta adana shi a akwatinta, ta cusa littafin a wurinsa, ta mayar kan ƙusa.

Masu kaki suka jawo shi tsakar gida. Suka farke katifa, suka fasa randa, ba su ga komai ba, sai suka koma kansa. Gindin bindiga ya zubar masa da haƙora. Ɗaya ya taka masa hannun da yake riƙe alli har Rakiya ta ji ƙarar ƙashi. Tsoro ya hana ta ko kuka.

Da babbansu ya gaji, sai idonsa ya kai kan gafaka.

"Ke, ɗauko ki riƙe, mu ba mu da alwala," ya ce. Ya dubi Hamidu. "Dafa ka rantse ba ka da littafin, mu tafi mu bar ka."

Daɗi ya kama Rakiya, don ta san ba Alƙur'ani zai dafa ba. Ta kawo buta, ya yi alwala da hannu ɗaya, ruwan na sauka ja. Ta durƙusa ta miƙa masa gafakar.

"Rantse, Mushe," ta ce. Ta ƙura masa ido, ta ɗan girgiza gafakar ko zai ga yadda ta yi sakayau.

Bai gani ba. Kallonta ya yi kamar yau ya fara saninta.

"A kan Littafin Allah, Rakiya?" Ya janye hannunsa. "Ina da shi. Inda yake ne ban sani ba."

Ba wanda ya yarda da rabin maganar na biyu. Suka rufe shi da duka har ya daina kare kansa, suka ja shi ta ƙafa zuwa mota. Ta bi su da gudu, gaskiya na bakinta, ba halin faɗa. Ya ɗago kai da ƙyar, ya ga abin da ke rungume a ƙirjinta.

"Koma ki rataye shi," ya ce. "Kada jini ya taɓa shi."